Injin da ya tsaya a Sharaɗa, tukunyar da ta huce a Wurno

Da zarar an kammala girbi a ƙasar Birnin Kudu, an kai gero da dawa rumbu, an sayar da ɗan riɗin da Allah ya hore, sai gari ya fara raguwa. A Wurno da Kangire da Kiyako, haka a Sara da Basirka ta ɓangaren Gwaram, matasa kan ɗaure kayansu su nufi bakin titi. Cirani ba baƙon abu ba ne a nan. Kakanni sun yi, iyaye sun yi. Abin da ya sauya shi ne abin da ake tararwa in an je. Wanda ya sauka Kano shekara 40 da suka wuce yana iya yin sammako ya tsaya a ƙofar kamfani a Bompai ko Sharaɗa, a ɗauke shi lebura, in ya yi haƙuri a tabbatar da shi, ya samu katin aiki da albashin wata. Ɗansa kuwa yau tura kurar ruwa yake yi, ko gadi, ko dako a kasuwa, ko ya zarce Legas ya hau babur ɗin wani yana kawo balas kullum yamma.

Wurnon da nake magana ba ta Sakkwato ba ce, inda kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake. Wannan tana ƙaramar hukumar Birnin Kudu a masarautar Dutse, kudancin Jihar Jigawa. Gari ne na manoma da makiyaya da 'yan kasuwa, ba garin masana'antu ba, don haka mai karatu na iya tambaya: ina ruwan Wurno da rufe kamfanoni? Ai nan ne gizo ke saƙa. Har ranar 27 ga Agusta, 1991, duk wannan yanki Jihar Kano ne, kuma har gobe cibiyarsa a Kano take binne. Ƙauye ne ke aika wa kamfani hannun da zai yi aiki, da gyaɗa da auduga da fatar da zai sarrafa. Kamfani kuma shi ke maido wa ƙauye kuɗin taki, da kuɗin kwanon rufi, da kayan sallar yara, da sadakin ƙane. Ranar da aka sa wa ƙofar kamfani kwaɗo, jarida kan ƙirga ma'aikatan da aka sallama. Ba ta ƙirga tsohuwar da ke jiran saƙon ƙarshen wata a ƙauye, ba ta ƙirga mai shagon da ke ba gidan bashi saboda ya san akwai ɗa a birni.

Yadda aka gina, da yadda aka rasa

Masana'antun Arewa ba daga sama suka faɗo ba, daga gona suka tsiro. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, dalar gyaɗa ta tashi. Kamfanin auduga na Turawa, wanda mutane suka laƙaba wa Bisije, ya kafa injinan gurza a wurare irin su Zariya da Funtuwa da Gusau. Daga nan gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello ta ga bai kamata a riƙa kwashe auduga zuwa Ingila a dawo mana da ita yadi ba. A 1957 masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri, Kaduna, da haɗin gwiwar kamfanin David Whitehead na Ingila. UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya cikin shekarun 1960, har aka riƙa kiran Kaduna garin masaƙu. A Kano kuwa attajirai na gida suka shiga fagen: Alhaji Isyaku Rabi'u ya kafa masaƙar Bagauda, Alhaji Nababa Badamasi ya kafa ta Gaskiya. Ga kamfanonin matsar man gyaɗa, da na jima, da na alewa, da na robobi, da na kwanuka, da na kekunan Raleigh, da kamfanin haɗa manyan motoci na NTM. Kudu maso gabas da mu, a Bauci, Steyr yana haɗa taraktoci. Masu harkar suna cewa a tsakiyar shekarun 1980 Nijeriya tana da masaƙu kusan 175, kuma in aka cire gwamnati babu mai ɗaukar ma'aikata kamar su. Yau waɗanda ke motsi ba su kai 30 ba.

Ba rana ɗaya aka rushe ba. Gona ce ta fara ciwo: farin 1973 da 1974, sannan cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975, a daidai lokacin da kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati daga noma. A 1986 shirin SAP na gwamnatin Janar Babangida ya karya darajar naira, kayan gyaran inji da sinadaran rini da ake sayowa daga waje suka yi tashin gwauron zabo. A shekarar ce kuma aka rushe hukumomin sayen amfanin gona. Suna da laifinsu, domin sun daɗe suna danne farashi, amma su ne ke raba irin auduga mai kyau, su tantance ta, su tabbatar wa manomi akwai mai saye. Da aka rushe su ba a kafa komai a gurbinsu ba. Manomi ya ga auduga ba ta da tabbas, ya koma masara da wake.

Nijeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995, a 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi. Gwamnatin Obasanjo ta sake haramtawa, amma a lokacin hanya ta riga ta buɗe: kaya su sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, su hau ta Nijar, su shigo ta Maraɗi da sauran kan iyaka, su ƙare a Kantin Kwari. Atamfar Sin ta zo da zane irin namu, wani lokaci har da tambarin kamfanoninmu a gefenta, a farashin da masaƙar gida ko audugarta ba za ta iya saye da shi ba. Ba zan zargi matar da ta sayi mai araha ba. Mai 'ya'ya biyar da salla a gabanta ba ta da zaɓi. KTL ta rufe a 2002, masaƙun Nortex da Finetex da Arewa suka bi sahu, Gaskiya ta tsaya a Kano, UNTL da ta fi kowa girma ta kulle ƙofarta ta Kaduna a 2007. A watan Mayun 2015 marinan Kano suka yi tattaki zuwa fadar Sarki Muhammadu Sanusi II suna kuka da yadin Sin da ke zuwa a rine, a garin da karofin Ƙofar Mata ya haura shekara 500 yana aiki.

Amma ka tambayi duk wanda ya taɓa riƙe kamfani a Chalawa ko Sharaɗa abin da ya kashe shi, kafin ya ce Sin zai ce wuta. Injin saƙa ba ya son a ɗauke wuta ko na minti ɗaya: zare ya tsinke, rini ya ɓaci a cikin tukunya, robar da aka narkar ta daskare a bututu, sai an yi sa'o'i ana gyara. Tukunyar tururi tana shan baƙin mai, wanda a da matatar Kaduna ke bayarwa. Da matatar ta durƙushe sai an ɗauko shi daga kudu a tanka. Mai kamfani a Legas yana da bututun iskar gas a kusa, ga teku a bayansa. Na Kano yana da janareta da man dizal, ga tafiyar kilomita kusan dubu a kan titi kafin kayansa su iso daga tashar jirgin ruwa. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, an ƙaddamar da aikinsa a watan Yunin 2020, aka yi ta ɗage ranar kammalawa. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta na rukunin A, inda yawancin kamfanoni suke, daga kimanin naira 68 zuwa 225 kan kowane ma'auni. A Oktoban shekarar kuma Arewa ta kwana fiye da mako cikin duhu bayan an lalata manyan layukan da ke kawo wuta. A waɗannan kwanaki ba manyan kamfanoni kaɗai suka tsaya ba. Mai walda a Birnin Kudu, da mai ƙanƙara, da tela mai keken lantarki, kowa ya naɗe hannu.

Kuɗin ceto

Ba za a ce gwamnatoci sun yi shiru ba. A ƙarshen mulkin Obasanjo an yi shelar naira biliyan 70 don farfaɗo da masaƙu, masu masaƙun suka yi ta jira. Daga baya aka maye gurbinsa da asusun naira biliyan 100 na auduga da saƙa da ɗinki, aka damƙa wa Bankin Masana'antu, kuma da shi UNTL ta sake buɗewa a ƙarshen 2010. A 2015 Babban Bankin Nijeriya ya hana ba da dala a farashin gwamnati don shigo da kaya iri 41, a Maris na 2019 ya ƙara da yadi. A 2017 aka sa hannu kan dokar shugaban ƙasa da ta umarci ma'aikatu su fifita kayan gida wajen saye. Daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 aka rufe kan iyakokin ƙasa. Lokacin korona aka ware naira biliyan 75 don taimaka wa ƙananan kamfanoni su biya albashi na wata uku maimakon su kori ma'aikata. A ƙarshen Yulin 2023, wata biyu bayan cire tallafin man fetur, Shugaba Tinubu ya yi alkawarin rancen naira biliyan 75 ga kamfanoni 75 a kan ruwa kashi 9 cikin ɗari. A Oktoban shekarar Babban Banki ya janye waccan hana dala gaba ɗayanta.

Duk da haka ƙungiyar masu masana'antu ta ƙasa, MAN, ta ce kamfanoni 767 ne suka rufe a 2023 kaɗai, wasu 335 kuma suna halin rai-kwakwai-mutu-kwakwai. A shekarar ce kamfanonin GSK da Procter & Gamble suka sanar da janye hannu daga yadda suke aiki a ƙasar.

A ganina, kusan duk waɗannan dabaru matsalarsu ɗaya: rance suke bayarwa inda ciwon ba na rance ba ne. Ka ba mai masaƙa bashi ya sayo sabon inji, ka bar shi da dizal da 'yan fasa-ƙwauri, to ka ƙara masa nauyi ne kawai. Zai saƙa yadin da ba zai sayu ba, ga banki na jira. Na biyu, doka ba ta daɗewa. Yau a haramta, gobe a halatta, jibi a ba wasu 'yan ƙalilan takardar izini. Wanda zai zuba dukiyarsa a injin da sai ya shekara goma kafin ya maido da uwar kuɗi ba zai yi haka a ƙasar da doka ke sauyawa da sauyin minista ba. Bangaladash ba ta noma audugar da za ta ishe ta, sayowa take, amma mutum kusan miliyan 4 ke cin abinci a ɗinkin tufafi, saboda ta riƙe hanya ɗaya shekara da shekaru. Maƙwabciyarmu Binin, wadda ta tasharta yadin waje ke shigo mana, yanzu ta kafa yankin masana'antu a Glo-Djigbé tana saƙa audugarta tana fitar da riguna. Jamus kuwa tana da tsari tsayayye: in kasuwa ta faɗi, kamfani ya rage sa'o'in aiki, hukuma ta cike wa ma'aikaci wani kaso na albashin da ya rasa, don kada a sallame shi. Sun yi amfani da shi a 2009 da 2020. Mu namu sai gobara ta tashi ake haƙa rijiya, kuma ba ya kaiwa ga leburan da ba shi da takardar ɗauka aiki, wanda shi ne mutumin Wurno.

Akwai kuma bashin da ba a biya ba, wanda ni a wurina ya fi komai ciwo. Masaƙar KTL ta jihohin Arewa 19 ce. Tsofaffin ma'aikatanta sun shafe fiye da shekara 20 suna bin haƙƙoƙinsu na sallama, suna zanga-zanga, suna kai kuka duk lokacin da gwamnoni suka taru a Kaduna. Da yawa sun rasu suna jira, matansu da marayunsu ne suka gaji bin sawun. Mutumin da ya ba inji ƙuruciyarsa, ƙurar auduga ta cika masa ƙirji, ƙarar inji ta rage masa ji, bai kamata ya tsufa yana roƙon abin da yake nasa ba. Kuma Jigawa tana cikin jihohin nan 19.

A gida Jigawa

Ƙidayar 2006 ta nuna Birnin Kudu tana da mutum sama da 300,000, Gwaram sama da 270,000, kuma yaran da aka haifa a waccan shekarar su ne yanzu ke neman aiki. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2019 ya sa kashi 87 cikin ɗari na mutanen Jigawa a ƙasan layin talauci, jiha ta uku bayan Sakkwato da Taraba. Hukumar ta ce a ƙarshen 2020 rashin aiki a ƙasa ya kai kashi 33.3. A 2023 ta koma sabon ma'auni irin na duniya, wanda ke ɗaukar duk wanda ya yi aikin sa'a ɗaya a mako don samun kuɗi a matsayin mai aiki, sai adadin ya koma kashi 4.1. Hukumar ba ta yi ƙarya ba, ta bayyana yadda ta ƙirga. Amma wannan ma'auni ba ya ganin ciwonmu. Saurayin da ya yi ƙodago wata huɗu na damina, ya zauna wata takwas a majalisa yana jiran wanda zai kira shi sauke buhu, a takarda mai aiki ne. Mahaifinsa kuwa ya san zaman kashe wando yake yi, ba don son ransa ba.

A ƙarshen Agustan 2019 jami'an tsaron Legas suka tare wata babbar mota ɗauke da mutum 123 daga Jigawa da babura 48. Aka zaunar da su a ƙasa, aka ɗauki hotunansu, suka bazu a intanet kamar an kama masu laifi. Da aka bincika ba a same su da komai ba, aka sake su. Neman halal suka je. Kano ta hana acaɓa tun Janairun 2013, Legas ta hana a manyan unguwanninta a 2020, ta ƙara tsanantawa a 2022. Wato sana'ar da ta karɓi waɗanda kamfani ya daina karɓa ita ma ƙofarta ƙara tsukewa take. Duk wanda ya ga hoton nan daga wannan yanki ya ga fuskar ƙanensa.

Jihar ta gwada nata. Masana'antun gwamnati irin su kamfanin shinkafa na Atafi a Haɗeja, da na fulawa a Gumel, da na tumatir a Kazaure, da na madara a nan Birnin Kudu, sun yi shekaru suna tangal-tangal, har aka koma neman 'yan kasuwar da za su karɓe su. Yankin ciniki na Maigatari da aka kafa zamanin Gwamna Saminu Turaki bai zama abin da aka yi fata ba. Shirin gonar rake da kamfanin sukari a Gagarawa, zamanin Gwamna Badaru, ya gamu da turjiyar manoman da suka ga gonakin gadonsu za su tafi. Wannan ya isa darasi: aikin yi da za a samar ta hanyar raba talaka da gonarsa, da wuya ya samu albarka. Can a Kadawa ta Kano, kamfanin tumatir na Aliko Ɗangote, wanda ya yi karatun sakandare a Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, ya buɗe a 2016 da ƙarfin markaɗa tan 1,200 a rana, amma ya tsaya cikin 'yan watanni da tsutsa ta cinye tumatir, kuma daga baya ya yi ta buɗewa yana rufewa saboda ƙarancin kaya. In mai irin wannan ƙarfi ya sha wuya, a auna ƙaramin ɗan kasuwa.

Hasken da aka gani a 'yan shekarun nan daga shinkafa ya zo. Shirin rancen manoma na Babban Banki da aka ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015, da rufe kan iyaka, sun sa injinan casa sun yawaita a Kano da Haɗeja. A nan kusa, a Faru, akwai kamfanin Malam Alu na tsohon ɗan majalisar tarayya Faruk Adamu Aliyu, mai harkar noma da sarrafa amfanin gona. Matasa sun samu dako, mata sun samu turara shinkafa da shanya, direbobi sun samu lodi. Sai ga shi a Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta yi shelar ɗage haraji na kwana 150 kan shigo da wasu kayan abinci, har da shinkafa da masara da alkama. An yi ne saboda yunwa ta yi tsanani, kuma sauƙin da magidanta suka samu daga baya ba abin rainawa ba ne. Sai dai farashin shanshera ya faɗi, na taki bai faɗi ba, masu injinan casa suka fara kukan rage aiki da sallamar ma'aikata. Duk wanda ya san labarin masaƙa zai gane wannan hanya, domin ta nan aka bi aka rasa auduga.

Abin da Wurno da Gwaram ke buƙata bai kai girman KTL ba. Riɗi da zoɓo da Jigawa ta yi suna a kansu galibi ɗanye suke barin jihar, a tankaɗe su a wani wuri, a matse mansu a wata ƙasa. Gyaɗa tana nan, nono yana nan a rugage, fata tana nan, kasuwar Sara tana ci. Injin tankaɗe riɗi, da na matsar mai, da ɗakin sanyi na madara, kowanne zai riƙe mutum 20 ko 30 cikin rani, a garinsu, kusa da iyalinsu. Abin da ke hana su tsayawa shi ne wanda ya kashe na Sharaɗa, wato wuta. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon samar da wutarsu da tsara kasuwarta, kuma rana ba ta yi wa Jigawa rowa ba. An riga an ga misali a Kumbotso ta Kano, inda aka buɗe tashar hasken rana mai megawat 10 a Janairun 2023 kusa da masana'antun Chalawa.

Don haka kirana ga mai girma Gwamna Umar Namadi da 'yan majalisar da ke wakiltar Birnin Kudu da Buji da Gwaram: kada a sake gina kamfanin da gwamnati za ta riƙe da hannunta. A keɓe fili kusa da manyan kasuwanninmu, a kai masa wutar rana da ruwa da hanya, a bar masu ƙananan injina su shiga da haya mai sauƙi, a kuma sayi shinkafa da madara da yadin kayan makarantun jiha daga wurinsu. Ranka ya daɗe, in an zauna taron gwamnonin Arewa na gaba a Kaduna, a tayar da maganar tsofaffin ma'aikatan KTL, a biya waɗanda suka rage da ransu da magadan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.